Satar Uwar Maƙera a Gidan Takama

Ranar Litinin da la'asar, cikin bazarar 1992, Inna Zuwaira ta dawo daga ta'aziyya, ta leƙa maƙerar mijinta marigayi kamar yadda ta saba, ta tarar uwar maƙera ba ta nan. Wannan curin baƙin ƙarfen nake nufi, wanda ake kafawa a ƙasa ana dukan ƙarfe bisa kansa. Shekara tamanin da 'yan kai yana kafe wuri guda, tun ranar da Takama maƙeri ya sari garin. Ta fasa kuwwa, kafin ka ce me gari ya cika gidan.

Ni ne Adamou, lokacin ina jandarma a birgadin Illela, wato ofishinmu na can, kuma ni aka tura. Da satar akuya ce ko ta buhun hatsi, wallahi kwamandanmu ko kai ba zai ɗaga daga takardunsa ba. Amma Gidan Takama ba kamar sauran ƙauyuka ba ne. Nan aka haifi Abarshi, jikan Takama, wanda ya yi minista har sau biyu, kuma a lokacin shi ke jan ɗaya daga manyan jam'iyyun ƙasa. Ya aiko daga Yamai cewa ranar Asabar zai zo da 'yan jarida da masu radiyo ya nuna wa ƙasa gidan kakanninsa, don abokan hamayya sun dame shi da cewa ba a san asalinsa ba.

Na isa Talata da safe, na tarar kowa na kallon kowa a kaikaice. Wani ya ja ni gefe ya ce makiyaya ne. Wani ya ce masu sayen tsohon ƙarfe ne daga ƙetaren iyaka. Wata mata ta rantse mini aljanu ne, ta ga guguwa ta shiga gidan da azahar. Duk wanda na tambaya inda yake jiya sai ya ce kasuwa, kuma gaskiya ne, ranar kasuwa ce, garin ya zama wayam.

Ina cikin wannan shirme sai ga mota ta tsaya bayan gida. Alhaji Wakili ne, wan Abarshi uwa ɗaya uba ɗaya, mai motocin sufuri a Ƙonni. Ƙato ne, da babbar riga mai aiki, da takalmi sau-ciki da safa cikin wannan zafin. Ubansu ya rasu suna ƙanana, ƙanen ubansu Kallamu maƙeri da matarsa Inna Zuwaira su suka raine su. Ita Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba.

Ya tsaya tsakar gida, gaban jama'a, ya ce, "Inna, ba rashin kunya nike maki ba, amma gidan ga ya fi ƙarfinki. Ke kaɗai ke kwana nan, ke kaɗai ke tashi. Wa ya sani ko wani ya nuna maki 'yan naira kin miƙa mashi gadonmu? In ƙarfen ga bai fito ba zuwa Juma'a, kamiyo za ya zo ya kai ki garin iyayenki."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Shekara hamsin da huɗu ta yi a ɗakin nan, kuma kowa ya san a garin iyayenta ba wanda ya rage mata, ko wanda zai gane fuskarta babu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ni wane ne? Jandarma mai igiya biyu, gaban wan minista. Na haɗiye fushina, na hau mota na tafi ɗauko Maikano.

*

Maikano mai bin sawu ne, tsohon maharbi, siriri, ya ba sittin baya. Ya taɓa bin sawun raƙumin sata kwana huɗu har ya kamo shi a bakin wata rijiya. Aibinsa ɗaya, bakinsa ba linzami.

Da ya shiga maƙerar ya dubi ƙasa, sai ya dafe kai. "Kai! Kai! Shef, wa bai shigo nan ba? Liman ya shigo, mai bori ta shigo, ga akuya ma ta zo ganin ƙwaf. Ga kuma takalminka na gwamnati, ya taka abin da ya rage. Kun kira ni karatu bayan kun wanke allon."

Na ce, "To duba dai, Baba."

Ya tsuguna inda uwar maƙera take da. Wurin a cike yake, an daddaɓe shi sumul. Ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Ɓarawo mai ladabi. Ya yi sata ya tsaya gyara wuri." Wani daga baya ya ce ai ƙafafun jama'a ne suka cike ramin. Maikano ya harare shi, ya tashi.

Bayan gida ya sami sawun babbar mota da farar ƙura a ƙasa. Ya dangwala da yatsa ya sa a harshe, ya tofar. Siminti ne. Can gefe kuwa ga buhunan siminti arba'in an rufe da tabarmi. Inna Zuwaira ta ce ita ba ta san da zuwansu ba, ta dawo ta gan su. Mutane suka ɗauki zancen nan take: to, ai shi ke nan, direban kamiyo ne.

*

Laraba da hantsi muna Malbaza, inda masana'antar siminti take. Mun sami direban, Rabilu, ƙarƙashin kamiyonsa bakin layin masu jiran lodi, fari fat da ƙura har gashin ido. Da ya ga kakina sai ya fito da sauri.

"Shef, wallahi tallahi siminti kawai na kai! Alhaji Wakili ya aiko, ya ce a sauke bayan gida. Kafin rana ta take tsaka na juyo."

Maikano ya ce, "Ka shiga maƙera?"

"Na shiga inuwarta na sha ruwa. Ƙarfen na nan, har bisa kansa na aje butata. Mi zan yi da shi, Baba? Ni da ke ɗaukar tan talatin kullum?"

"Wa ka gani?"

Ya ce, "Da zan fita na gamu da Mika'ilu na Ƙonni bisa babur, ya nufi garin. Wanga da ke yi wa 'yan hamayya kamfe."

Na ji zuciyata ta yi fari. Na ce a raina an gama, siyasa ce. Maikano ya leƙa bayan kamiyon, ya duba tayoyi, ya dubi ƙafafun Rabilu, ya ce mu tafi. A mota ya ce mini, "Wanga ko cokali ya sata sai ya kai kansa birgadi yana kuka."

*

Mika'ilu mun same shi a rumfar mai shayi kusa da tashar Ƙonni, 'yan kabu-kabu sun kewaye shi yana zuba musu siyasa. Na faɗa masa abin da ya kawo mu, da muryar hukuma. Mutumin nan ya dube ni, ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Ni? In sace uwar maƙera? Shef, da ina da hali gadi zan sa mata!"

Ya sa hannu aljihu ya zaro foto ya miƙa mini. Ga uwar maƙera nan a kafe, ga zuga-zugi rataye, hasken azahar ya ratso ta rufi.

"Abin da ya kai ni ke nan. Alhaji Wakili ya cika garin ga da maroƙa suna cewa su jinin sarauta ne, kakansu ɗan sarki ne da ya yi yaji ya bar gida. To ni so nike ƙasa duka ta ga inda minista ya fito. Akwai sassan ƙasar ga da in sun ji ɗan maƙera ne, ƙuri'a ɗaya ba za ya gani ba. Yanzu an sace ta, sai su ce foton wani gari ne. Ni aka cuta, Shef!"

Kunya ta kama ni. Muka fito, 'yan kabu-kabu na yi mana shewa. Muka shiga mota, muka wuce duwan, wato shingen kwastan. Sannan Maikano ya ce, "Shef, tun jiya muna neman wanda ke son ƙarfen ga. Wata ƙila wanda ba ya son ganinsa ya kamata mu nema."

Na ce, "Wa ke nan?"

Ya ce, "Ni ƙasa nike tambaya, ba ni tambayar zato."

*

Alhamis muka koma Gidan Takama hannu rabbana. Abin da na tarar ya tsaya mini a rai har yau. Inna Zuwaira ta fito da kayanta ƙofar ɗaki, ta ɗaure su ƙunshi-ƙunshi: tukwane, ƙore, tabarma, wani tsohon adaka. Tana zaune kusa da su da tasbaha. Matan gari da ta yi wa wankan jego, da 'ya'yan da ta karɓi haihuwarsu, duk sun ɗauke ƙafa, kowa na tsoron Alhaji. Na gaishe ta.

Maikano ya wuce ya zauna dirshan bakin maƙera, ya zuba wa ƙasa ido. Minti goma, minti ashirin. Haushi ya kama ni, na ce, "Baba, gobe fa Juma'a. In barci kake ji mu koma."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zo ka ga shaidu."

Na zo. Tururuwa ce ta yi layi, tana fitowa daga cikin maƙera tana bin gindin bango.

"To, tururuwa ce. Sai me?"

"Gwamnati ta ba ka bindiga ba ta ba ka ido ba. Mi ke bakinsu?"

Na duƙa. Kowace na ɗauke da ƙwayar gero.

Ya ce, "Rumbu na can gabas. Su kuma daga maƙera suke fitowa. Yaushe aka fara aje hatsi a maƙerar da ta shekara tara ba a hura wuta ba?"

Ya bi layin da rarrafe, ni ina biye, har wurin nan da aka daddaɓe. Ta wata 'yar ƙofa suke fitowa. Ya sa wuƙarsa ya tona a hankali. Yatsa huɗu ƙasa sai ga gero, sabo, mai yawa. Ƙarƙashinsa gawayi, an jera shi da'ira. Maikano ya ƙirga, bakwai.

Ya kira Inna Zuwaira. Ta zo tana dafa bango, ta leƙa ramin. Sai na ga ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba.

Maikano ya sassauta murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. "Inna, mi ke nan?"

Ta ce, "Al'adar gidan ga ce. Ba a cire uwar maƙera a bar raminta da yunwa. Tafi uku na gero, gawayi bakwai, a rufe. Wanda ya cire bai yi haka ba, an ce hannunsa ba ya ƙara albarka."

"Wa ake koya wa?"

"Ɗan gida namiji, ranar da ya fara riƙe zuga-zugi. Ni ma don na daɗe ne na ga ana koya masu."

"Su nawa suka rage a duniya?"

Ta kau da kai. "Ku bar ni in tafi, ɗana. Ni na goya su. Tsufa ya zo, ko'ina ma kabari ne."

Wallahi a nan na ji ƙwalla ta cika mini ido. An kore ta, an ce mata ɓarauniya gaban jama'a, kuma ga ta tana rufa wa mai korar tata asiri. Ta share fuska da gefen zane, ta ce, kamar da kanta take, "Allah dai ya sa bai bar ta kwance ba."

Maikano ya kama maganar. "Ba a barinta kwance?"

"Ba ta ganin faɗuwar rana a kwance. Sai an kafa ta tsaye, kuma cikin ƙasar Takama."

Muka nufi wajen maigari. Ya ce zuri'ar Takama wuri uku suke da ƙasa. Akwai gidan nan. Akwai gidan Alhaji na Ƙonni, wanda aka shafe da siminti tun daga ƙofa har makewayi, ga yaran mota cike da shi dare da rana. Sai kuma kufai, can gabas da Malbaza, inda Takama ya fara zama kafin rijiyarsa ta ƙafe ya taso nan. Ya ce ba mai zuwa wurin sai makiyaya.

Maikano ya ce, "Shef, tada mota."

*

Kufan ba komai ba ne sai tudun jar ƙasa, da guntun bango, da tsohuwar aduwa. Amma ga mai bin sawu, aljanna ce. Ba liman, ba akuya, ba takalmin gwamnati. Maikano ya sa na tsaya nesa, ya yi ta tafiya yana magana shi kaɗai.

"Ga ƙaramar mota ta tsaya. Ga mutum ya fito, mai nauyi, da takalmi sau-ciki. Ya ɗauko kaya, dubi yadda dugadugansa suka nutse. Ya huta nan. Ya sake hutawa nan, ƙiba ta yi mashi yawa. To! Nan ya tsaya ya tuɓe."

Na matso. Daga wurin, sawun takalmi ya ƙare, sawun ƙafa tsirara ya ci gaba har gindin aduwa. An tara ƙaya a wurin. Muka janye ta, sai ga uwar maƙera tsaye cak, an kafa ta daidai, an daddaɓe gindinta.

Na yi kabbara ban sani ba.

Maikano bai kula ni ba, yana tsugune kan sawun. "Dubi ƙafar hagu, Shef. Ƙirga yatsu."

Na ƙirga. Huɗu. Babu ƙaramin.

Na ce mu tumɓuke ƙarfen mu tafi da shi. Ya daka mini tsawa. "Kai ɗan gidan ne? Bar ta inda take. Wanda ya kawo ta shi za ya maida ta."

*

Juma'a da hantsi kamiyon da zai kwashi Inna Zuwaira ya iso, Rabilu ke tuƙi, yana ta sunkuyar da kai. Mika'ilu ya zo bisa sammacin da na aika masa. Alhaji Wakili ya zo da ƙamshin turarensa. Kwamandan ma da kansa ya zo, ga maigari, ga rabin gari a tsakar gida.

Tun da sassafe Maikano ya share cikin maƙera, ya tankaɗe rairayi mai laushi ya baza. Ya ce a nan za a yi magana, waɗanda abin ya shafa su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Kwamandan ya shiga da takalminsa na but. Rabilu ya shiga da silifa. Mika'ilu ya shiga da takalminsa yana murmushi. Alhaji Wakili ya zo bakin ƙofa yana faɗa, yana cewa ana ɓata masa lokaci ga baƙi gobe. Bakinsa na faɗa, hannunsa na aiki. Ya dafa bango ya cire takalmi, ya zare safa, ya cusa su ciki, ya shigo. Shi kansa bai san ya yi ba.

Maikano ya bari ya zauna, sannan ya fara.

"Jama'a sun ce Rabilu ne. Rabilu ya bar garin ga ƙarfen na nan, don Mika'ilu ya zo bayansa ya ɗauki fotonsa. Aka ce Mika'ilu ne. Mika'ilu kuwa ya fi kowa son ƙarfen ga ya zauna inda yake. Aka ce Inna ta sayar. To mai sayen tsohon ƙarfe ba ya yin wanga."

Ya buɗe ramin, ya ɗebo gero a tafinsa, ya jera gawayi bakwai gaban kwamandan. Ya bayyana al'adar, ya ce mutum biyu suka rage a duniya da aka koya wa ita, kuma ɗaya na Yamai tun watan jiya, radiyo ma shaida ne.

Alhaji ya yi tsaki. "Tatsuniya! Kowa na iya zuba gero a rami."

"Haka ne, Alhaji. To jiya mun je kufai."

Sai na ga gumi ya karyo masa.

"Mun same ta tsaye gindin aduwa, lafiya lau. Wanda ya kafa ta ya san aikinsa, Allah ya yi wa wanda ya koya mashi rahama. Ya tuɓe takalmi kafin ya matsa kusa, don ɗan gidan ga ba ya taka wurin uwar maƙera da komi a ƙafa. Ƙafarsa ta hagu yatsa huɗu gare ta." Ya nuna rairayin bakin ƙofa da sandarsa. "Mutum huɗu suka shigo nan yanzu. Kwamandan, duba mana, wa ya tuɓe?"

Kwamandan ya duba. Kowa ya duba. Sawu ne a fili kamar an buga hatimi, yatsa huɗu. Alhaji ya yi wuf ya ja riga ya rufe ƙafarsa, amma ina, an riga an gani.

Daga bakin ƙofa muryar Inna Zuwaira ta fito, a hankali. "Masaba ce, gudumar ƙira, ta faɗo mashi yana shekara tara. Wata biyu ina goyonsa zuwa wajen mai magani."

Kowa ya juyo ya dubi Alhaji. Sai ya fashe, rabi faɗa rabi kuka.

"Don shi na yi! Don ƙanena! Shekara ashirin ina gina mana suna, surukaina duk sun san mu da sarauta. Sai ya kwaso 'yan jarida ya kawo su bukkar ƙira? Na ce in ɗauke ƙarfen, in rushe bukkar, in zuba siminti a yi zauren baƙi. Ita kuwa in tana nan ba ta bari, kuma duk baƙon da ya zo sai ta zaunar da shi ta ƙirgo mashi maƙera bakwai, daga Takama har sama!"

Maikano ya ce, "Allah sarki. Ka so ka goge ƙira daga gidanku, Alhaji, amma ka kasa barin rami da yunwa."

Tsakar gida ta ɗauki guɗa. Matan nan da suka ɗauke ƙafa kwana uku, su ne kan gaba wajen rungumar tsohuwa. Na so in faɗa musu magana, na dai kau da kai. Rabilu ya tada kamiyonsa ya juya babu kaya, yana danna oda har ya fita gari.

Kwamandan ya ce sai Abarshi ya zo gobe a ji ta bakinsa. Mata suka ce za su shigar wa Inna da kayanta ɗaki. Ta ce a bar su nan.

*

Asabar da hantsi Abarshi ya iso da jerin motoci. Labari ya riga ya same shi tun a Ƙonni, kuma ta kufai ya biyo, shi da wansa. Da suka sauko, Alhaji Wakili ne ke rungume da uwar maƙera a ƙirji, yana haki, jama'a na buɗa masa hanya.

Abarshi ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya cire takalmi bakin maƙera. Su biyu suka kafa ta a raminta. Ya sauko da zuga-zugi, aka kawo garwashi, ya durƙusa ya hura har wuta ta tashi. Sannan ya sa aka matso da abin ɗaukar magana na radiyo.

"Ana tambaya ina ne asalina. Ga shi nan. Kakana Takama maƙeri ne, ubana maƙeri ne, wanda ya raine ni maƙeri ne. Duk hauyar da ta yi noma daga nan har Malbaza, bisa ƙarfen ga aka ƙera ta. Wanda ke jin kunyar zaɓen ɗan maƙera, ya riƙe ƙuri'arsa, na yafe."

Kai, ranar na ji ihu! Mika'ilu na gefena da fotonsa a hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Shef, mutumen ga ya kashe mani kasuwa." Ya maida shi aljihu.

Abarshi ya fito ya kira Maikano, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya yi masa godiya gaban kowa. Tsohon nan mai baki sai ga shi yana sosa ƙeya. Daga nan minista ya wuce ƙofar ɗakin Inna Zuwaira, ya durƙusa har ƙasa kusa da ƙunshin kayanta.

"Inna, gidan ga naki ne har ƙarshen ranki, kuma yau za a rubuta haka gaban maigari. Ga Yaya, ga kwamandan. Abin da kika ce shi za a yi."

Kowa ya kasa kunne. Ni dai a raina na ce ko kwana uku ne ya ɗanɗana ɗakinmu na birgadi.

Ta dubi Alhaji Wakili. Ta ce, "Ba ni kai ɗana gidan kaso. Amma kayan ga tun Alhamis suke waje. Wanda ya sa na ɗaure su, shi za ya kwance su."

Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune, ta zauna bakin ƙofa, ta gyara zane. Alhaji Wakili, mai kamiyo goma sha ɗaya, ya naɗe hannun riga gaban minista da kwamandan da 'yan jarida, ya duƙa ya kwance ƙunshin farko. Ya ɗauki tukunyar miya ya shiga da ita, ya fito.

Ta ce, "Ba nan take zama ba. Bayan ƙofa."

Ya koma ya gyara. Ya ɗauko ƙore, ya ɗauko tabarma, ya jawo adaka yana nishi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ita kuwa tana zaune tana nuni da tasbaha: wannan can, wancan sama, a hankali da wannan, ya girme ka. Da ya shigar da na ƙarshe ya tsaya gabanta kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ki yafe mani."

Ta ce, "Na yafe. Ɗauki tsintsiya, ka shigo mani da ƙasa ɗaki."